Harshen Odiel

Kofi uku aka jera a gaban Odiel Deschepper, kowanne da baƙar giya har rabi, kumfa ta hau kai ta zauna daram. Shi kaɗai aka bari a teburin alƙalai. Kujerar da ke damansa, wadda matarsa Lieve take zama tun kafin furfura ta fito musu, an ɗauke ta an kai cikin 'yan kallo.

A ƙauyensu na gefen garin Poperinge, gasar baƙar giya mai ƙarfi ba abin wasa ba ce. Wanda aka sauke daga alƙalancinta, ko a mashaya ba a ƙara tambayarsa ra'ayi. Abin da ake shirin yi wa Odiel ke nan yau. Wannes Baert, sabon shugaban ƙungiyar da ke shirya gasar, ya ce harshen tsohon ya mutu tun zazzaɓin da ya kwantar da rabin gari a hunturu.

Hujja kuwa ba a rasa ba. A zaman da ya wuce an ga miji da mata sun haɗa kai suna raɗa a kan kowane kofi, makinsu kuma ya fito iri ɗaya sak. Ba sai an tambayi wanda ke ba wani amsa ba. Lieve 'yar mai dafa giya ce, a gindin tukunya ta girma, da hancinta ake rantsuwa a garin. Sannan ga zancen gishiri. Wannes ya ci abinci a gidansu wata Lahadi, aka kawo naman sa dafaffe da giya, gishiri ya yi masa yawa har baƙon ya kasa haɗiye loma ta biyu. Odiel kuwa ya suɗe kwanonsa da burodi, ya nemi ƙari, yana ta yabon girki. Kafin Litinin labari ya gama gari.

Wannes ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya. "Baba Odiel, ba cin fuska ba ne. Ka sauka da kanka, mu rufa wa juna asiri."

"Rufa wa kanka, yaro. Ina shan giyar nan kana tsotson yatsa. Matsa, ka tare mini haske."

Ya ɗauki kofi na farko, ya rungume shi da tafukansa har sanyin ya sake shi, don giya irin wannan ba ta buɗe baki sai ta ji ɗumi. Ya shinshina, ya kurɓa, ya haɗiye. Tofarwa sai masu ruwan inabi. Ɗacin giya a maƙogwaro yake, wanda bai haɗiye ba bai ji komai ba.

Ko sau ɗaya bai waiwayi matarsa ba. Ita kuwa tana zaune ta ƙanƙame jakarta a cinya, maƙwabta na kallonta da tausayi.

"Zabibi," in ji Odiel, da ƙarfi kamar mai yi wa kurma bayani. "Dabino a bayansa. Ƙonannen sukari, kanumfari can a ƙarshe. Ƙarfinta ya ɓuya, sai ta sauka ciki take gaya maka ko ita wace ce."

Kofi na biyu bai ɓata masa lokaci ba. Ya ce an yi mata gaggawa, an bar ta ta tashi a wuri mai zafi, shi ya sa take ƙona harshe kamar maganin tari. Wani a layin baya ya sunkuyar da kai, aka san mai ita.

Na uku ne ya daɗe a hannunsa. Ya ɗaga shi saitin taga, ya kurɓa, ya koma na farko, ya sake dawowa. Kowa a zauren cocin da ake gasar ya zuba masa ido. Wannes har ya fara murmushi.

"Wannes, wa ya koya maka zuba giya?" Odiel ya dire kofin. "Wannan da ta farko kwalba ɗaya ce. Ka girgiza gindin ne ka juye mini yistin da ke kwance, don in ce wata ce daban. Ko kakarka ta san ana barin wannan a kwalba."

Zaure ya ɗauki ihu. Wannes ya yi tsamo-tsamo, amma bai haƙura ba. Ya ɗauki kofi na farko, ya ratsa mutane, ya miƙa wa Lieve.

"Inna Lieve, ke ce uwar hanci a nan. Gaskiya ya faɗa?"

A karon farko a ranar, Odiel ya waiwayi matarsa.

Lieve ta ɗumama kofin, ta kurɓa, ta haɗiye, ta ɗauki lokacinta. "Zabibi, dabino, ƙonannen sukari, kanumfari a ƙarshe. Ni na koya masa, sa'annan a ce bai iya ba? Mayar mini da kujerata inda ka ɗauko ta."

Wannes da hannunsa ya mayar.

Da yamma suka kama hanyar gida, ta saƙala hannunta a nasa. Sai da suka wuce gida na ƙarshe, suka shiga tsakanin gonaki, sannan ta tambaye shi.

"Odiel, ta farkon nan, da gaske ta yi daɗi?"

"Kamar wadda babanki yake yi."

Ta share ido da bayan hannu. "Daga yau kai za ka riƙa sa gishiri."

Ya ƙara matse hannunta. Tun zazzaɓin hunturu, ruwa da giya duk ɗaya ne a bakin Lieve, kuma Odiel ne yake raɗa mata amsa.