Mai Kifi da Takardar Garanti

Sallau, ajiye biron nan tukuna, kada ka sa hannu. Wai ka ƙara kuɗi su ba ka garantin shekara uku a kan firjin da za ka ɗora a motarka? Zauna, ɗan ƙanena, in ba ka misali, in ka ji sai ka yi abin da ka ga dama.

Akwai wani mutum mai fataucin ɗanyen kifi. Yakan saro a bakin kogi wurin masunta, ya kai garuruwan tudu inda ba sa ganin kifi sai busasshe. Tafiyar kwana uku ce, a motar yake kwana, a ciki yake dafa shayinsa. Da Allah ya buɗa masa sai ya shiga birni ya sayi firiza mai aiki da hasken rana. Ma'aikatan shagon da hannunsu suka ɗaure ta a bayan motar, suka kafa faifan sola a kan rufi. Zai tafi ke nan mai shagon ya riƙo hannunsa, ya ce akwai wata takarda, in ya ƙara wani abu, to shekara uku cur ko me ya sami firizar nan gyara nasu ne. Mai kifi ya ce, "Ko me?" Ya ce, "Ko me, Alhaji." Shi kuwa bawan Allah a bakin kogi ya tashi, inda ake ciniki da baki, a tafa, magana ta zauna. Bai nemi a karanta masa ba. Ya biya, ya kai takardar wurin baduku aka ɗinke ta cikin fata kamar laya, ya rataye ta a madubin mota. Abu ɗaya kawai ya riƙe daga bakin mai shagon: kada kowa ya ɓalle hatimin da ke bayan injin, in an ɓalle garanti ya tashi.

Bayan wata bakwai, ran wata kasuwar ƙauye, rana na tsaka, firiza maƙil da tarwaɗa da ragon ruwa, sai ta yi tsit. A kasuwar akwai wani tsoho mai gyaran firji, rumfarsa ko ƙofa babu. Ya zo ya kara kunne, ya shinshina, ya ce wani ɗan abu ne ya ƙone wanda bai kai ɗan yatsa ba, yana da irinsa a akwati, kafin la'asar za ta tashi, amma fa sai ya ɓalle hatimi. Mai kifi ya dubi tsoho da tsummar rigarsa, ya dubi layarsa tana lilo a madubi, ya ce a bar masa kayansa, yana da masu gyara a birni. Tsoho ya ce, "Alhaji, kifi ba ya jiran takarda." Bai saurara ba. Ya tayar da mota ya yi kwana da yini yana gudu, ƙanƙara na narkewa, ruwa na ɗiga ta ƙasan mota. Kafin ya isa birni ƙudaje sun riga shi sanin labari.

A shagon aka sa reza aka farke fatar, aka warware takarda. Can ƙasa, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, aka karanta masa cewa garantin na firizar da ke zaune a ɗaki ne, ɓarnar da girgizar hanya ta jawo ba ruwansu. Kai jama'a! Ni wannan shi ne ke ƙona mini rai har yau. Su wa suka ɗaure ta a motar? Ba su ba ne? Suna ganin laka a tayoyinsa, suna jin ƙarnin kifi a rigarsa, suka karɓi kuɗinsa a kan alkawarin da suka san ba zai taɓa hawa kansa ba. Wannan ai ba ciniki ba ne, yankan baya ne da murmushi. Mai shagon da ya ce "ko me" ko kunya bai ji ba, cewa ya yi ai komai a rubuce yake, laifin wanda bai karanta ba ne. Mai kifi ya fita bayan gari ya juye kayansa a kwazazzabo, kifin da masunta suka sha sanyin ruwa kafin su kama, ungulaye suka yi walima. Matan da ke jiransa da kwanoni a garuruwan tudu suka gaji da jira, suka koma wa wani. Da ya rasa yadda zai yi sai ya komo wurin tsohon nan kansa a sunkuye. Tsoho bai yi masa gori ba. Ya sa sukundireba ya ɓalle hatimi, ya canza ɗan abin, kafin shayin da aka kawo musu ya huce firiza ta kama kuka. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin tarwaɗa ɗaya ba.

To kai ma hanya za ka bi, Sallau, ba ɗaki za ka zauna ba. Ban ce kowace takarda ƙarya ce ba, amma ka sa a karanta maka ita har ƙasa, ka tambaye su ko za su bi ka daji ranar da abin ya tsaya da kaya a ciki. In suka fara sosa ƙeya, mayar da kuɗinka aljihu, ka sayi 'yan kayan gyara ka jefa a akwatin mota, ka kuma san sunan mai gyara a kowace kasuwa da kake ci. Hausawa ba su faɗa a banza ba: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.