Lambar Yabon Tanimu

"Shekara uku cur, ko fasinja ɗaya bai ɓata a hannunsa ba!" Shugaban kwamiti ya faɗa a lasifika, zaure ya kaure da tafi.

Tanimu ya miƙe, ya gyara rigar aikinsa. A bayanta an rubuta: Jagoran Fasinja, Jirgin Ƙasan Zamani, Yawuri zuwa Wara.

"A manyan birane kullum sai ka ga mutum ya sauka tashar da ba tasa ba," in ji Shugaba. "Mu nan babu wannan sakarci."

Aka rataya masa lamba. Mahaifiyarsa Barakatu, wadda ta tsallako daga ƙauye tun asuba, ta kutsa gaba tana guɗa.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana! Yau a jirginka zan koma. Kwale-kwale ya gama karya min baya."

Tanimu ya sunkuya ya raɗa mata, "Inna, jirgin bai iso ba."

"Sai mu jira shi."

"Inna, ko layin dogon ba a shimfiɗa ba tukuna."

Ta dubi lambar, ta dubi ɗanta. Sannan ta juya ga Shugaba, muryarta har bakin ƙofa.

"Ranka shi daɗe, to ni ma a ba ni tawa. Shekarata sittin ban taɓa faɗowa da jirgin sama ba!"

Shugaba ya dube ta sama da ƙasa, ya yafito sakatare.

"Rubuta sunanta. Dama muna neman matuƙi."