Ɗinkin Hagu

"Kar ka naɗe wannan gefen," in ji Inna.

Ɗanta ya sauke kyamara. Hoton bargon da ta harhaɗa da ƙyallaye masu kusurwa uku zai ɗauka, saboda gasar ɗinki. Rabinsa ya jeru tsaf. Ɗaya rabin, wanda ta ƙarasa bayan hannunta na dama ya shanye, duk ya karkace.

"Inna, alƙalai za su gani."

"Su gani mana! Likita ma cewa ya yi ni da allura mun rabu har abada."

Ta warware naɗin da hagu, ta ciccibo shanyayyen hannun, ta ɗora a inda ɗinkin ya fi karkacewa.

"Ɗauka har da shi. Ya ga aikin da aka yi ba da shi ba."