Fatar Hannun Kaka

Wata la'asar muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Kaka ta miƙa wa ƙanwata Ladidi hannunta. Ladidi ta mintsini fatar bayan hannun ta saki, fatar ta tsaya cak kamar kunyar gona.

"Kaka, me ya hana ta komawa?"

"Tsufa da ranar gona ne suka shanye maiƙonta, 'yar nan. Ke kam boko za ki, rana ba za ta gan ki ba."

Ni ma na kai hannu zan taɓa.

"Ke, ci gaba da ɓararki," in ji Kaka.

Jiya, bayan shekaru masu yawa, Ladidi ta zo daga birni, fatarta sumul. Tana fita na mintsini tawa. Fatar ta tsaya.