Waƙar Tsohuwa Mai Makulli

In faɗi gaskiya, shekara talatin ina yabon waƙoƙin babban marubucinmu a taro, ban taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba. Nawa dai in rataya masa gamosa, ƙyallen girmamawa, a wuya, in ce gwani, a tafa, a kawo shayi.

Yau ga shi kwance a asibiti a Guwahati, idanu sun tafi, ya damƙe mini hannu.

"Kai sarkin surutu, kawo mini ɗaya cikin waƙoƙina. Da ka."

"Kokaideu, babban yaya, likita ya ce ka huta."

"Likita me ya sani? Fara."

Na tashi, na zauna, na leƙa taga. Kogin Brahmaputra ya cika ya batse, amma bai miƙo mini ko baiti ba. Matarsa ta zuba mini ido. In na yi shiru, zai mutu da sanin ko ni wane ne.

Sai na buɗe baki. Baiti takwas, kan wata tsohuwa a tsibirin Majuli da kogi ya cinye gidanta, har yau tana ɗaure da makullin a haɓar zani.

Hawaye ya gangaro masa har kunne.

"Ka ji ko? Duk rayuwata ban yi wadda ta kai ta ba. Ku yaran yanzu, ina za ku iya!"

Ni, yaro mai shekara hamsin da huɗu, na ce, "Ina fa."

Waƙar tawa ce. Shi ya dawo mini da ita daga mujallarsa shekarun baya, da jan biro a gefe: "Ba gishiri."