Faifai na Huɗu a Rumfar Merv

Dokar rumfar Merv guda ɗaya ce: kowa ya juya wa garmaho baya. Mutum ɗaya ke ɗora faifai, sauran su canki wane bugu ne da kunne kawai. Ranar Lahadin nan Clarrie ne mai ɗorawa, dattijon da kan ɗauko Noelene a motarsa daga gona ya kawo ta garin Tamworth, ya kuma mayar da ita.

Waƙar wani tsohon fim ɗin kaboyi ce suke yi wa hidima, mai farawa da fito zalla. Merv kuwa, in ana gardamarta, ko gobara ta kama gidansa sai ya ƙarasa magana.

Noelene ba don sha'awa take tara faifan ba. Tana 'yar shekara bakwai, lokacin sausayar tumaki, ta ɓuya ƙarƙashin gado ta ji an harbe mahaifinta. Ba ta ga fuskar mutumin ba. Fitonsa kawai ta ji yana fita, wannan waƙar, amma a gaɓa ta uku sai ya sauke murya inda kowa ke ɗagawa. Tun da ta girma take neman bugun da ya koya a ciki, ko ya kai ta gare shi. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Faifai uku suka wuce.

"Na Sydney ne wannan," in ji Merv.

"Kai dai kunnenka ya mutu, tsoho," in ji matarsa Beryl. "Na Amurka ne. Sha shayinka."

Aka yi ɗan shiru, sai ƙarar fanka. Can fito ya taso a hankali, tas, babu ko ƙarzar allura. Ya wuce gaɓar farko, ya wuce ta biyu. A ta uku ya sauka.

Noelene ta ajiye kofin shayinta. Ga zafin rana amma sanyi take ji har ƙashi. Tsoro ya kama ta irin na wancan ƙarƙashin gadon, har numfashi ta riƙe kada a ji ta.

"Kai, wannan sabo ne!" in ji Merv. "Ina ka samo shi, ɗan banza?"

Noelene ta yi magana, ba ta juya ba.

"Clarrie, don Allah karanta mini sunan kamfanin da shekarar."

Clarrie ya yi dariya a bayanta, kusa da ita ƙwarai.

"Wane kamfani, 'yata? Ai ban ɗora na huɗun ba tukuna. Allura nake canjawa, ni ne nake fito."