Ba Abin Da Ya Koro Shi

Jijiyar ƙafata ta ɗaure a hanyar Tungan Magajiya, na zube a gefen titi, ga Kontagora ta yi nisa a bayana. Kwanaki kaɗan suka rage a yi gasar gudun famfalakin da na daɗe ina wa shiri.

Tun da na fara atisaye Baba yake min tsiya: "Magidanci mai 'ya'ya uku yana ta gudu, ba abin da ya koro shi! Har tambayata ake ko kanka ƙalau."

Ina cikin murza ƙafar sai na ji ƙarar tsohon keke. Baba ne, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Gona za ni," ya ce, bai ko dube ni ba.

Gonarmu kuwa tana hanyar Auna. Babu fartanya a keken, sai gorar ruwa da wani filo ɗaure a mazaunin baya, rana duk ta koɗar da shi.

Ya miƙo min ruwan, ya jira na sha.

"Hau mu tafi gida," ya ce. "Kuma in ka warke, ka riƙa rage sauri a wancan hawan. Kullum a nan kake ɓace min."